Uranos ɗin Baba Kiriti

Ƙaramin ɗana ne ya fama mini wannan tsohon miki, bai kuma san ya yi ba. Na dawo daga tuƙin taksi da la'asar, bayana yana ciwo, na zube a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, shi kuma yana gefe yana haddar darasinsa da ƙarfi, yana jero sunayen taurarin da aka ce suna kewaya rana. Mirrihu, Mushtari, Zuhalu. Sai na ji ya ce Uranus. Wallahi sai da shayin hannuna ya zube a kan darduma. Na ce, "Kai, me ka ce?" Ya maimaita, ko a jikinsa. Na ce wa ya koya maka? Ya ce ustazu, a littafi yake. A littafin makaranta! A garin Makka, malami yana tsaye yana koya wa yara, har ana yaba wa wanda ya faɗa daidai. Kalmar da na ga an kusa tsiraita dattijo a tsakar unguwa saboda ita.

Ni ba malami ba ne. Allona bai yi nisa ba, makarantar gwamnati kuma na leƙa ta ne na fito, don gidanmu ya fi bukatar hannuna a kan kaina. Saboda haka wanda yake neman zance mai ado ya nemi wani. Abin da idona ya gani zan faɗa.

Unguwar Hindawiyya da na tashi a cikinta ba wannan ba ce da motoci suka shaƙe. Ɗakunanmu sandaƙa ake ce musu, wato garwar kananzir ce a fasa a miƙe a buga a jikin itace, a ɗora duwatsu a kan rufin don kada iska ta kwashe. Da rana ciki kamar tanda, saboda haka rayuwarmu duk a waje take. Da sassafe abin da za ka fara ji shi ne lugude, matanmu suna yi wa gidajen Larabawa daka, sai kukan raƙuma da aka durƙusar ana yi musu lodi, sai masu ruwa da garwa biyu a sanda suna kiran a ba su hanya. Da yamma hayaƙin masu tsire ya rufe lungu. Kiran salla daga Harami da muryar mutum yake zuwa, iska ta kawo rabi ta tafi da rabi, kai ka cika sauran a zuciyarka. A bisa duk wannan kuma akwai sama. Yaran yanzu ba za su gane ba. Sama ce daga dutse zuwa dutse, babu bene, babu waya, babu fitilar da za ta kashe ta. Innata takan ce talaka ba shi da gona a Makka amma yana da rufin da ya fi na sarki faɗi. Yau in na leƙa ta tagar gidan hayar da muke ciki, abin da ya rage mini na sama bai fi faɗin rawani ba, shi ma an shanya masa wanki.

Babana ɗinkin tanti yake yi wa masu saukar alhazai, na Mina da na Arfa. Aiki ne na basilla da zare mai kakin zuma, da tafin hannu da ya zama kamar kofato. Ni ma a kai na girma, har na zama saurayi ina ɗaukar nawa gefen ni kaɗai. Abokin aikinsa wani farin dattijo ne mai idanu kalar toka, Husaini sunansa, amma duk unguwa Baba Kiriti ake ce masa, don ya ce daga wani tsibiri ya fito mai suna Kirit, can cikin tekun Rum. Labarinsa gajere ne, bai kuma cika son faɗa ba. Musulmi ne, iyaye da kakanni, amma harshen da ya sha a nono na Girkawa ne. A tsibirinsu aka kore su don suna salla. Da jirgi ya sauke su a ƙasar Turkawa, can kuma aka riƙa yi musu kallon banza don bakinsu na Girkawa ne. Sai ya ce to bari ya tafi gidan da ba a korar kowa. Buri ɗaya ya rage masa a duniya, kowa ya san shi: ya mutu a Makka, a sallace shi a Harami, a binne shi a maƙabartar Ma'ala cikin Musulmi. Likkafaninsa ma ya ɗinka da hannunsa, ya jiƙa da zamzam ya shanya, yana naɗe a ƙarƙashin matashinsa.

Yana da wata ɗabi'a a aiki. In an gama tanti, sai ya nemo shuɗin ƙyalle ya yi wa rufin shafi ta ciki, ko ba a sa shi ba. Babana yakan yi tsaki ya ce, "Husaini, alhaji kwana nawa zai yi a ciki? Ɓarnar zare kawai." Shi kuma ya ce, da Larabcinsa mai tsami, "Tanti ba uranos, kabari ne."

Ni na tambaye shi mene ne uranos. Ya ajiye basilla ya nuna sama da yatsa. "Wannan, ya waladi. Duk abin da ke bisa kanka. Inda ruwa yake fitowa, inda shirwa take yawo, inda taurari suke, da can gaba inda ido ba ya kaiwa." Ya ce kalmar ta tsufa ƙwarai, ta girmi coci, ta girmi sarakunan Rum. Mutanen farko na ƙasarsu sun ɗauka wani ƙaton akushin tagulla ne aka kife a kan duniya, har a zamanin jahiliyyarsu suka mai da shi abin bauta, suka ce shi ne mijin ƙasa, ruwan sama kuma shi ne aurensu. Ya yi dariya ya ce a'uzu billahi. Daga nan ya ce duk abin da ya yi rumfa a bisa mutum sukan ara masa sunan, rufin tanti, har ganɗar baki. Ya buɗe bakinsa da ba haƙora ya nuna mini.

Babana ya ce, "To naka uranos ɗin dai ginshiƙansa duk sun zube."

"Naka kuma goro ya yi masa jan shafi, ya Takaruni," in ji shi, sunan da Larabawa ke kiran mu mutanen ƙasar Hausa da kewaye.

Haka suke, kullum. Akushi ɗaya suke ci. Innata in ta yi tuwo sai ta ce a kai wa Baba Kiriti nasa da miya ba yaji, don yaji yana sa shi kuka kamar yaro.

Sai Kawu Ilu ya iso. Yayan innata ne, ya daɗe a hanya kamar yadda mutanenmu suke daɗewa, a yi tafiya a tsaya a yi ƙwadago a ƙara gaba. Shi a Ubayyid ta ƙasar Sudan ya maƙale, a kantin wani ɗan Girka. Duk wanda ya biyo ta Sudan a zamanin ya san Girkawa, su ne masu kantuna, su ne masu sayar da giya, su ne masu gicciye a wuya. Kawu ya yi shekaru yana ɗaukar akwatunan kwalabe a ka, shi da ya fito don ziyarar ɗakin Allah, ana zaginsa da yaren har ya iya shi. Abin ya zauna masa a rai kamar ƙaya. A wajen mutanen da suka biyo wannan hanya, harshen Girka da Nasaranci abu ɗaya ne, ba su taɓa jin an ce ga Musulmi mai wannan baki ba. Baba Kiriti kuwa ba ya yarensa da kowa, don ba shi da abokin yi, saboda haka Kawu ya ɗauka Bature ne irin na Turkawa ko mutumin Sham, suna gaisawa lafiya lau.

A shekarar aka yi fari. Rijiyoyi suka ja baya, garwar ruwa ta zama abin faɗa, awakin Badawiyyai, Larabawan ƙauye, suna faɗuwa a bakin hanya. Aka yi shela a fito sallar roƙon ruwa. Muka tafi Harami da hantsi, mu huɗu a sahu ɗaya, ni da babana da Kawu da Baba Kiriti. Aka yi salla, aka yi huɗuba, kowa ya juya mayafinsa ciki ya koma waje kamar yadda ake yi, aka ɗaga hannuwa. Mutane suna kuka. Dattijon nan ya yi ta addu'a da Larabci har Larabcin ya ƙare masa, hawaye na bin gemunsa, sai bakinsa ya koma gida. Ya shiga roƙon Allah da harshen uwarsa, ƙasa-ƙasa, ina jin uranos, uranos a ciki. Na san cewa yake a buɗe sama. Na waiga na ga Kawu ya sauke hannuwansa, ya zuba masa ido, fuskarsa ta zama toka.

Kawu ya bari muka fito daga Harami. Sai da muka dawo unguwa, muka iso bakin shagon gahawa inda maza suke zaune, ya tsaya a tsakiyar hanya ya nuna Baba Kiriti ya ɗaga murya.

"Jama'a, kun san abin da kuke ci da shi a akushi ɗaya? Wallahi Banasare ne!"

Babana ya ce, "Ilu, rana ce ta taɓa ka? Shiga inuwa."

"Ni rana ta taɓa? Na ji da kunnena a gaban Ka'aba! Yaren masu giya yake yi. Kalmar nan da yake ta maimaitawa, a cikin addu'arsu ta coci take, kullum maigidana da matarsa sai sun faɗe ta kafin su ci abinci. Ya za a yi ruwa ya sauka?"

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ta kunna wutar. Mutane masu ƙishirwa ba sa neman hujja, wanda za su ɗora wa suke nema. Kafin ka ce kwabo an kewaye Baba Kiriti. Waɗanda ya ɗinka wa rumfar suna kyauta, waɗanda ya yi wa 'ya'yansu addu'a, duk ga su nan ido ya yi ja. Mu fa, da ake kira Takarna ana toshe hanci, mu da in an yi sata a kasuwa unguwarmu ake fara zuwa. Laifi tudu ne. Na tsaya ina kallon fuskokin da na sani tun ina rarrafe, na kasa gane ko ɗaya.

Aka ja shi zuwa ƙofar umda, mai unguwarmu. Kowa ya san hukuncin in maganar ta tabbata: wanda ba Musulmi ba ba ya kwana a Makka, balle a binne shi a cikinta. Umda ya fito yana gyara hula ya ce ya yi kalmar shahada, ya yi. Ya ce ya karanta Fatiha, ya karanta, ya ɗora da Tabaraka har ƙarshe. Wani daga baya ya ce ɗan leƙen asiri ma ai yana iya haddacewa. Umda ya ce, "To wannan kalma da ake magana, mece ce?"

"Sama ce, ya umda."

"Nasara suna faɗinta a addu'arsu?"

"Suna faɗi. Sama ɗaya ce a kanmu, da wane suna za su kira ta?"

Sai wani da ya taɓa zama a rumfarmu ya ji hirar akushin tagulla ya ce, "Tambaye shi, ba sunan gunki ba ne?"

Da ya yi ƙarya da ya huta. Amma ya ce, "A jahiliyya, e. Kamar yadda aka bauta wa rana."

Ba wanda ya ji rabin na biyu. E ɗin kawai aka ji. Wuri ya ruɗe, sai wata murya ta ce, "A duba shi! In Musulmi ne ai da shaida a jikinsa!" Wasu suka ɗauka, a duba shi, a duba shi. Na zaci umda zai daka tsawa. Kafin ya buɗe baki, sai na ga dattijon nan, sa'an kakana, ya kai hannu ƙugunsa ya fara kwance mazagin wandonsa da kansa. Ƙullin ya ƙi kwantuwa, yana ta fama da shi, idonsa a ƙasa. A tsakar rana, a gaban yara, a garin da ya ƙetare teku ya zo don ba a korar kowa. Har yau in na tuna sai na ji kamar an zuba mini ruwan zafi a ƙeya.

Babana ne ya ratsa mutane. Ya cire mayafinsa, yana nan a juye tun daga Harami, ya lulluɓe shi da shi tun daga kafaɗa, ya riƙe masa hannuwa biyu. Ya juyo ya ce da Hausa, don da mutanenmu yake, "Duk wanda yake son ganin tsiraici ya je ya duba na ubansa." Ban taɓa jin babana ya yi ashar ba sai ran nan. Umda ya ce mutumin nan Musulmi ne, kowa ya watse. Amma ya ƙara da cewa, don a zauna lafiya, kada a sake jin wannan yare a unguwa.

Aka bar shi a Makka, amma an riga an kore shi. Akussan da suke zuwa ɗakinsa suka tsaya, sai na innata. A masallacin unguwa in ya shiga sahu sai a sami mai gyara tsayuwa ya bar tazara. Yara suka samu waƙa, in ya wuce su bi shi suna Uranos, Uranos. Ruwa kuma bai sauka da wuri ba, kowane yini na fari a kansa ake lissafa shi. Ya ci gaba da zuwa aiki, amma ya daina shafin shuɗi, ya daina tsokanar babana. In an yi masa magana ya amsa da kai. Na tambayi innata yadda Kawu ya iya yin haka, ta ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Na ce to shi tsumman me ya yi? Ta ce in rufe mata baki.

Bai kai wani aikin hajjin ba ya kwanta. Zazzaɓi ya ci shi ya ci shi, ran nan da la'asar muka shiga sandaƙarsa muka tarar Larabci ya fice masa daga ka gaba ɗaya. Tsofaffi sun ce haka ake yi, harshen da ka ara yakan koma wa masu shi tun kafin rai ya fita. Yana ta magana, yana riƙe hannun babana, yana kallonsa ido cikin ido, yana maimaitawa, alamar saƙo ne yake bayarwa. Muna jin sunan Fatuma a ciki. Uwa ce, mata ce, 'ya ce da ya bari a wani gari, ba mu sani ba. A duk Hindawiyya mutum ɗaya ne zai iya fassarawa.

Na ruga gidan Kawu. Na same shi a ƙofa yana jan carbi.

"Kawu, ka taso don Allah. Baba Kiriti yana wasiyya, ba mai jin abin da yake faɗa."

"Na manta yaren."

"Ba ka manta ba ranar gahawa."

"Kai, ni kake faɗa wa haka? Ɗan yau!" Carbin ya tsaya. Sannan ya ce a hankali, "In aka gan ni a kansa ina wannan yare, ni kuma me za a ce da ni?"

Innata ta biyo ni da mayafi a hannu, ta durƙusa. "Yaya, ka dubi Allah. Mutum ne zai tafi da magana a bakinsa." Ya tashi ya shige ɗaki ya saki labule.

Na koma ni kaɗai. Muryar dattijon ta yi ƙasa, ya daina dogon zance, kalma ɗaya ta rage, yana faɗi yana ɗaga yatsa wajen rufin garwar nan mai tsatsa. Babana ya ce, "Me yake so?" Ita kaɗai na sani a duk harshensa, ta kuwa isa. Na fita na taka jikin sandaƙar na hau, na ture duwatsun, na sa hannu na ɓamɓare garwa biyu, ƙusa ta yage mini tafi, tabon yana nan. Haske ya faɗa masa a fuska. Ba gajimare ko ɗaya, shuɗi ne tas, sai tantabarun Harami suna wucewa. Daga sama nake kallonsa, shi yana kallon abin da ke bayana. Na ga fuskarsa ta saki. Babana ya sunkuya ya laƙƙana masa shahada, ya karɓa sarai, ita ce kaɗai Larabcin da bai gudu ba.

Mu muka yi masa wanka, muka sa shi a likkafaninsa na zamzam. A Harami dubban mutane suka sallace shi, ba wanda ya tambayi da wane harshe yake kiran sama. Ya samu Ma'alarsa. A hanyar maƙabarta na ga Kawu ya kutso ya sa kafaɗa a makara yana neman lada. Ban sake cin abinci a gidansa ba har ya mutu. Fatuma kuwa, ko wace ce, saƙonta yana cikin ramin nan.

Shi ya sa na zauna ina kallon ɗana da littafinsa kamar na ga fatalwa. Na ce masa da Hausa, "Ka san ma'anar sunan nan?" Ya amsa da Larabci, ya ce tauraro ne kawai, ya abuya. Kullum haka muke, in yi masa Hausa ya tsinci rabi ya mayar mini da Larabci, in abokansa suna kusa ma har ido yake yi mini in yi shiru. Yayyensa gara su, suna ji ba sa mayarwa, su ma duk sun bar gida. Uwarsu da muke Hausa da ita ta riga ni tafiya. Na lissafa, na ga in nawa Larabcin ya koma wa masu shi, a gidan nan ba ni da ko Kawu Ilu.

Na kama hannunsa na ja shi bakin taga, na ture wankin maƙwabta gefe, na nuna masa ɗan abin da benaye suka rage mana.

"Mene ne wancan? Da Hausa."

Ya yi ta kallona. Na ce, "Sama. Faɗi."

"Sama," ya ce, yana dariya, wai ai kusan ɗaya ne da Larabci.

"To ba ka da uzuri ke nan. Ran da ka ga ina surutu ba ka gane komai, kada ka tsaya neman mai fassara. In ka ji wannan, ka kashe na'urar nan, ka buɗe taga."